Tambaya da Amsa: Shirin kwana a kan Dutsen Bagzan

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne a nan Tawa. Mu huɗu muka yi shawarar mu je Agadas a hutun ƙarshen Disamba, daga can mu hau Dutsen Bagzan, mu kwana a sama, washegari mu sauko. A cikinmu babu wanda ya taɓa hawan abin da ya wuce tsaunukan Adar. Me ya kamata mu ɗauka, me kuma za mu bari a gida? Ɗaya daga cikinmu ya dage cewa bargo ɗaya da jarkar ruwa sun ishi kowa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kai ku lafiya. Ka gaya wa abokin naka cewa lissafin rana ya yi, alhali daren ne zai ba ku wuya. Ƙololuwar Bagzan, wadda Abzinawa ke kira Idukal-n-Tages, ta kai mita 2,022, kuma babu inda ya fi ta tsawo a duk Nijar, ita kuwa Tawa ba ta cika mita 400 daga matakin teku ba. Tun da zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da mutum ya hau, sai ka ɗauki daren hunturu mafi sanyi da ka sani a Tawa, ka rage masa wajen digiri 10, sannan ka ƙara masa iskar da babu katangar da za ta tare maka ita.

Saboda haka kayan sanyi ne farkon abin da zai shiga jaka. Riguna uku marasa nauyi da za a jera a jiki sun fi babbar riga ɗaya amfani, domin a hawa za ku yi gumi ku riƙa cirewa, rana na faɗuwa kuma ku mayar. Kowa ya ware riga busasshiya ta kwana a cikin leda, don kwanciya da rigar da ta sha gumi shi ne ke sa mutum makyarkyata har asuba. A haɗa da rawani, da safa biyu, da bargo mai kauri, da abin shimfiɗa. Wannan na ƙarshe mutane sukan raina shi, amma sanyin da ke tasowa daga dutsen da ka kwanta a kai ya fi na iska cin jiki, kuma tabarmar roba ita kaɗai ba ta tare shi sai an ɗora mata wani bargon.

Ruwa kuwa, ku yi wa kowane mutum lissafin lita 4 zuwa 5 a yini, ban da na girki da alwala. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ka ga ke nan ruwan kwana biyu kaɗai ya kai kilo 10, alhali bai kamata kayan da mutum zai goya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa ba. A nan ne jaki ke shigowa. Akwai ƙauyukan Abzinawa da lambunansu a saman Bagzan, kuma da jakuna suke hawa da sauka da kaya, don haka idan kun isa wajen Tabelot, a gindin dutsen, ku nemi jagora ɗan wurin tare da jakinsa, ku gama ciniki tun kafin a ɗaura mangala. A ganina wannan kuɗin ya fi duk abin da za ku kashe a tafiyar amfani, domin jagoran ne ya san mashigar da jaki ke iya bi, da inda ake samun ruwa a wannan lokaci na shekara, da kuma wanda ya kamata ku fara gaisarwa idan kun shiga ƙauye.

Guzuri ba sai na koya wa mutumin Tawa ba: cuku, da kilishi, da dabino, da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da kayan shayi. Sai dai a ci kilishin da dare, don yajinsa na kawo ƙishirwa a kan hanya.

Takalmi ne abin da na fi jin tsoro. Na taɓa tafiya da wani da ya sayi sabo fil a kasuwa ana gobe za mu tashi, kafin azahar dunduniyarsa ta yi bororo har ya fashe, ƙarshenta a kan jakin kaya ya sauko, mu kuma muka raba kayan a tsakaninmu. Ku sa wanda ƙafa ta saba da shi, mai rufi da ƙasa mai kauri, ku yanke farce, kuma da safe ku kakkaɓe shi kafin ku zura ƙafa saboda kunama. A ƙaramar jaka ku zuba bandeji, da filasta, da farasitamol, da sukari da gishiri: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ga wanda gudawa ta kama. Kowa ya riƙe tocilarsa da batirin canji, kada ku dogara da hasken waya, kuma kada ku sa ran samun rezo a sama.

Daga Tawa zuwa Agadas ta Abalak wajen kilomita 400 ne, hanyar kuma tana cin lokaci fiye da yadda lissafi ke nunawa, saboda haka ku ware wa tafiyar gaba ɗaya kwana biyar ko shida. A Agadas ku je wurin jandarmomi ku tambayi halin tsaron hanya da sharuɗɗan fita, in sun ce a dakata to a dakata, sannan ku bar wa wani a gari sunayenku da ranar da za ku dawo. Ranar hawa ku tashi da an sallame sallar asuba, don ku isa masauki da sauran rana ku nemi lungun da ke bayan iska, nesa da cikin kwari. Ku kuma rage wa saukowa ruwa da ƙarfi, domin a nan ne gwiwa ke rawa, tsakuwa ke zamewa, kuma sanda mai ƙwari a hannun kowa za ta yi muku aiki fiye da yadda ta yi a hawa.