Gudu a Tudu da Kwari: Wace Hanya Za A Bi, Me Za A Saya?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu ɗaya: masu sassarfa da suka bar kwalta suka shiga karkara, inda ƙasa ke hawa da sauka, ruwa kuma yana ratsawa. Ga huɗu daga ciki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na saba gudun kilomita 10 a kan titi ba tare da wahala ba. Yanzu na koma yanki mai tuddai, na gwada wata hanya mai kilomita 6 kacal, amma cinyoyina suka yi tsami har saukowa daga matakala ya gagare ni. Akwai wata hanyar shimfiɗaɗɗiya a gefen kogi. Wacce zan riƙe?

Amsa: Malam, shidan nan da ka yi ba shida ba ce. A ƙasa mai tudu ba tsawon hanya kaɗai ake aunawa ba, har da yawan hawan da ke cikinta. Tun a 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotland, William Naismith, ya fitar da lissafin da matafiya ke amfani da shi har yau: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, da ƙarin awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wato hawan mita 100 daidai yake da wajen mita 800 a shimfiɗe. Don masu tafiya aka yi lissafin, amma yana yi wa mai gudu amfani. A ce hanyarka tana da hawan mita 400, to aikin kilomita 9 da 'yan kai ka yi.

Sai dai ba hawan ne ya tsamar maka da jiki ba, gangaren ne. Hawa numfashi yake ci, da ka huta an wuce wurin. A gangare kuwa tsokar gaban cinya ce birkinka, tana ɗaure kuma nauyin jiki yana miƙar da ita a kowane taku, sai zarurrukanta su yi 'yan ƙananan raunuka. Shi ya sa ciwon ba ya zuwa ran nan, sai bayan awa 24 zuwa 72 yake kai maƙura. Abin daɗin shi ne jiki na koyo da wuri: idan ka sake bin hanyar bayan ka warware, tsamin ba zai kai na farko ba. Amma ciwo mai suka a gwiwa, kumburi, ko fitsari ya yi duhu sosai, wannan ba tsami ba ne, a ga likita.

Shawarata, gefen kogi ya zama hanyarka ta yau da kullum, tudu sau ɗaya a mako, sai jiki ya saba ka mayar sau biyu. A gangare ka taƙaita taku, kada ka jingina baya kana dira da dunduniya, idonka kuma ya kasance 'yan taku a gabanka. A hawa ka manta da agogo; in ba ka iya haɗa jimla guda saboda haki, koma tafiya, ka dafa cinya da hannu. Ba abin kunya ba ne. A gasar UTMB da ake kewaya dutsen Mont Blanc daga garin Chamonix na Faransa, mai tsawon kusan kilomita 170 da hawan wajen mita 10,000, har waɗanda ke lashe ta tafiya suke yi a wurare masu tsananin tudu.

Kuma ka koyi karanta taswira mai layukan tsayi: inda layukan suka matse da juna, wurin a tsaye yake. Ka guji hanyar da ke fara da doguwar gangara zuwa cikin kwari, don bashin hawan yana jiranka a ƙarshe lokacin da ƙarfi ya ƙare. A gefen kogi ka fara da nufar inda ruwan ke fitowa, dawowa sai ƙasa ta taimake ka.

Tambaya: Takalmin gudun titi nake da shi, yana zame mini a laka. Mai shago ya ce in sayi na daji wanda ruwa ba ya shiga, ya kuma fi tsada. In saya?

Amsa: Malama, na daji i, wanda ruwa ba ya shiga kuwa dakata tukuna. In akwai wurin da ya cancanci ki kashe kuɗi a harkar nan, to takalmi ne, amma ki juya shi ki fara kallon ƙasansa kafin launinsa. Haƙoran da ke ƙasan su ne maganin santsi. Busasshiyar hanya mai tsakuwa, haƙora masu tsawon milimita 3 zuwa 4 sun isa. Laka da jiƙaƙƙiyar ciyawa suna son 5 zuwa 7, masu tazara a tsakaninsu don taɓo ya riƙa zubewa maimakon ya cushe. Dogayen haƙora kuma ba sa daɗi a kan kwalta, nan da nan suke cinyewa, don haka in rabin hanyarki titi ne ki tsaya a matsakaita. Jiƙaƙƙen dutse kuwa ba ruwansa da tsawon haƙori, laushin roba yake so. Roba mai laushi ta fi kamawa, ta kuma fi saurin ƙarewa. Dutse mai gansakuka babu takalmin da ya iya masa, komai abin da aka rubuta a kwali.

Batun hana ruwa shiga: irin shimfiɗar Gore-Tex tana da amfani a raɓa, yayyafi da sanyi. Amma a kwari ta sama ruwa ke shiga, ta bakin takalmi, kuma abin da ya hana shi shiga shi zai hana shi fita. Sai ki ƙarasa gudu ƙafa na iyo, fata ta yi laushi, bororo ya biyo baya. A lokacin zafi kuma gumi ne zai taru. Mai raga-raga da ke tsiyayar da ruwa ya bushe da wuri ya fi miki, tare da safar da ba ta auduga ba, don auduga riƙe danshi take yi.

Wajen gwaji, ki je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ki riƙa gudu da ita. Ki bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsunki, in ba haka ba gangare zai riƙa buga farce a jikin takalmi har ya yi baƙi. Dunduniya kuwa ta zauna daram. Ramin igiya na can sama da mutane ke tsallakewa, don wannan aka yi shi. Ki kuma tambayi bambancin tsayin dunduniya da na gaba: takalman titi da yawa suna da milimita 8 zuwa 12, wasu na daji kuwa 4 ne ko ma sifili. Komawa takalmi mai ƙaramin bambanci lokaci guda yana ɗora wa sha-raɓa da jijiyar agara nauyin da ba su saba ba. Ki zauna kusa da abin da ƙafarki ta sani. Takalmi yakan kai kilomita 500 zuwa 800, amma a daji haƙoran ne za su faɗa miki lokaci ya yi.

Tambaya: Ina tara kuɗin agogon GPS. Ya zama dole, ko waya ta wadatar?

Amsa: Ɗan uwa, ba dole ba ne. Waya da manhaja irin Strava ko Komoot za ta rubuta maka hanya, kuma ita ce za ka kira da ita in ka yi targaɗe. Ka sauke taswirar yankin tun kana gida, don sabis yakan ɓace a cikin kwari, wayar da ke laluben sabis kuma batir take sha. GPS, wato gano wuri ta tauraron ɗan Adam, ba ya bukatar sabis, ko ka kashe layi yana aiki.

In kuma ka nace, abin da zan ce ka nema shi ne agogo mai auna tsayi da matsin iska. Tauraron ɗan Adam ya fi kuskure a tsayi fiye da a nisa, ganuwar kwari da bishiyoyi kuma suna ƙara rikita shi. Na matsin iskan ma yana kaucewa idan yanayi ya canza, amma wajen tara jimlar hawa ya fi dama-dama. Sai ka duba ko yana nuna hanyar komawa inda ka taso. Sauran lambobin da ake cika talla da su, yawancin masu saye ba sa sake kallonsu bayan wata guda. Wanda takalminsa ke santsi kuwa bai kai ga maganar agogo ba tukuna.

Tambaya: Hanyata tana tsallaka wani rafi, ruwan bai wuce idon sawu ba. Akwai damuwa?

Amsa: Malam, a ranar da ka san shi babu. Damuwar ita ce rafi ba ruwan da ya sauka a kanka yake ɗauka ba, na tuddan da ke samansa ne, sararin samaniyarka na iya zama tas alhali can an tafka. Hukumar kula da yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ƙarfi mai zurfin santimita 15 kawai ya isa ya kayar da babban mutum. In ka iske ya yi jajawur, yana ɗauke da ganye da itace, ko ƙararsa ta canza, juya. Ka bincika ko akwai madatsa a sama, don ana iya sakin ruwa. Idan za ka tsallaka, nemi inda ya yi faɗi ya baje, ban da lanƙwasa inda yake haƙa zurfi, kada kuma ka cire takalmi. Ka san wata hanyar da ta bi ta gada ko ta kan tudu don ranakun damina, ka kuma faɗa wa wani a gida wacce ka bi da lokacin da za ka dawo.