Ɗalibar da Jikinta Ya Juya Bayan Balaga

Tambaya: Malam, shekarata 17, ina aji biyar a sakandaren 'yan mata ta kwana. Tun ina ƙarama nake jin ni namiji ce. Ban taɓa ganin al'ada ba, muryata ta yi kauri, gashi ya fara fito mini a haɓa. Ya halatta in sanar da ƙawayena? Kuma na shiga cikin waɗanda aka la'anta?

Amsa: 'Yata, Allah Ya yaye miki wannan damuwa. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarki shi ne rashin al'ada da gashin haɓa, domin su suka fitar da ke daga maganar abin da zuciya ke ji kawai zuwa abin da zai iya shiga babin mata-maza. Shehu Halilu ya rufe Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya, da wannan mas'ala, inda ya lissafa mafitar fitsari, gemu, nono, haila da maniyyi a matsayin alamomin da ke warware ruɗani. A yau gwajin jini da hoton ciki suna nuna abin da magabata suke lalube, don haka ki gaya wa mahaifiyarki, ku je asibitin koyarwa.

Wasu za su ce gyaran da likita zai yi canza halittar Allah ne, kuma ke mai kamanceceniya ce da maza. Wannan kuskure ne. La'anar da ta zo a hadisi tana kan mai ƙirƙiro kamanceceniya da gangan, kuma Imam Nawawi ya bayyana cewa wanda aka halitta a haka babu zargi ko zunubi a kansa. Ke kika sa wa kanki gemu? Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya), a zamanta na Makka a 1989, ta hana juya cikakken namiji ko cikakkiyar mace, amma ta halatta wa mata-maza magani da tiyata zuwa ɓangaren da ya rinjaya, domin bayyana abin da yake ɓoye ne.

Sanar da ƙawaye kuwa, ban yarje miki ba yanzu. Maganar da aka yi a ɗakin kwana da dare takan kai WhatsApp kafin asuba, kuma ke za a cutar. Ki ci gaba da sallarki da suturarki yadda kika saba, ki riƙa wanka da sauya kaya ke kaɗai, iyayenki kuma su mayar da ke jeka-ka-dawo har sakamako ya fito. Kada ki sha wani maganin da likita bai rubuta ba. Idan tunanin cutar da kanki ya zo miki, ki faɗa wa mahaifiyarki a ranar.

Wallahu a'alam.