Tambayoyinku Kan Fasaha: Na Bar WhatsApp Ɗina a Kwamfutar Makaranta

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin saƙonnin da suka shigo a wannan makon daga ɗalibai suke, kuma kusan duk a kan ɗakin kwamfuta na makaranta. Ga waɗanda na zaɓo.

TAMBAYA: Malam, a makarantarmu an toshe TikTok da wasu shafukan kallo a waifai ɗin ɗalibai. Wace manhajar VPN ce za ta buɗe min su? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

AMSA: Ƙanena, wannan kam ba da ni ba. Layin intanet ɗin makaranta tamkar famfon unguwa ne, kai kuma so kake ka zo da tanka alhali mutane na layi da bokiti. Kai kana kallon rawa, na kusa da kai yana fama ya tura aikinsa kafin a rufe karɓa. Sannan mai kula da netwok yana iya gane na'urar da ke amfani da VPN ko da bai ga abin da ke ciki ba. Sayi data ka kalla a ɗaki.

TAMBAYA: Malam, barka da ƙoƙari. Na buɗe WhatsApp ɗina a kwamfutar makaranta don in ɗauko wani aiki da aka turo mana a guruf. Na gama na rufe shafin na tafi. Bayan kwana uku sai na ji 'yan ajinmu suna maimaita hirar da muka yi ni da yayata, kuma an tura wa kawuna saƙo da sunana ana roƙon kuɗi. Wayata ba ta taɓa barin hannuna ba. Shin kutse aka yi min? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Allah ya kyauta, ƙanwata. Fara da gyara tukuna, faɗa ya biyo baya. Buɗe WhatsApp a wayarki, taɓa ɗigo ukun nan na sama, shiga "Linked devices". Za ki ga jerin na'urorin da ke haɗe da asusunki da lokacin da kowace ta yi aiki na ƙarshe. Taɓa kowace ki danna "Log out". Daga nan ki kira kawunki da baki, ki kuma sanar da 'yan uwa cewa duk saƙon neman kuɗi da ya fito daga lambarki a kwanakin nan ba ke ba ce. Ki saka lambobin sirri shida na "Two-step verification" a ƙarƙashin "Account". Ki kai ƙara wurin mai kula da ɗakin kwamfutar, domin idan suna rubuta sunan wanda ya zauna a kowace kwamfuta, a nan za a fara bin sawu.

To yanzu zauna ki ji. Babu wanda ya yi miki kutse. Ƙofa kika bari a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Rufe shafi daban, fita daga asusu daban, wannan ita ce maganar da na gaji da maimaitawa a wannan fili. Idan kika danna alamar X ɗin nan ta kusurwa, labule kawai kika saki. A shafin WhatsApp na kwamfuta da kika haska da kyamarar wayarki don ki shiga, akwai wani ɗan akwati da ke cewa a bar ki a ciki a wannan burauza, kuma galibi da alamar amincewa yake zuwa. Wanda ya zauna bayanki, yana buɗe shafin zai tarar da hirarki jere, sababbin saƙonni na ta shigowa a gabansa. Kuma yanzu ba kamar da ba ne, ba sai wayarki tana kan intanet WhatsApp na kwamfuta yake aiki ba. Ko kin kashe data kin kwanta barci, shi yana can yana karatu.

Akwai wata makaranta da aka taɓa kira na in duba musu kwamfutoci saboda sun yi nauyi. Na zauna a ta farko na buɗe Chrome. Imel ɗin wani yaro ne ya tarbe ni, a buɗe, har da saƙon da ya fara rubutawa bai ƙarasa ba. Na leƙa foldar "Downloads", sai ga takardun NIN na ɗalibai, hotunan fasfo, takardun sakamakon jarrabawa, rasit ɗin biyan kuɗin makaranta, duk a zube kamar kayan gwanjo. Na matsa ta biyu, haka. Ta uku har kalmomin sirri an adana a burauzar, domin duk lokacin da ta tambaya ko a ajiye, yara suna danna "Save" ba tare da sun karanta ba. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Ɗalibin da ba zai bar jakarsa a aji ya je cin abinci ba, ga shi ya bar takardar da ke ɗauke da lambar shaidarsa ta ƙasa, sunan gidansu da adireshi, a na'urar da mutane da yawa ke zama a kai kullum.

Kuma wannan imel da kuke raina wa shi ne uwar ɗaki. Wanda ya riƙe shi zai iya cewa ya manta kalmar sirrin Facebook ɗinki, a turo masa lambar sauya ta nan take. Da shi kika buɗe asusun JAMB, da shi makaranta ke turo miki saƙo. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yaranmu suka saba da zama a kan na'urar da ba tasu ba, amma ba a haɗa musu da koyon yadda ake tashi daga kanta ba.

Ga al'adata, kuma ina so ta zama taki. Duk kwamfutar da ba tawa ba, kafin in taɓa komai sai na danna Ctrl da Shift da N. Wannan yana buɗe taga ta sirri a Chrome ko Edge. A Firefox kuwa P ne a madadin N. Idan na rufe tagogin sirrin duka, burauzar tana goge shigar da na yi. Duk da haka ina fita daga asusun da hannuna kafin in rufe, don ban yarda da mantuwa ba. Abin da na sauke kuma ba ya gogewa da kansa, sai na bi shi na goge, na zubar da kwandon shara. Idan fita zan yi na minti biyu, maɓallin Windows da L ya kulle allon. Harkar banki kuwa ba na yin ta a irin wannan kwamfuta ko da wasa, domin akwai manhajojin da ke naɗe duk abin da aka buga a kibod, kuma taga ta sirri ba ta maganinsu. Kada kuma wani ya ɗauka wannan taga tana ɓoye shi daga hukumar makaranta. Chrome da kanta ta rubuta a shafin cewa makaranta ko mai ba da intanet na iya ganin inda aka shiga.

Ki duba Gmail ɗinki ma yau: shiga asusun Google, ɓangaren "Security", ki nemo jerin na'urorinki, ki fitar da duk wadda ba ki gane ba, sannan ki sauya kalmar sirri. Facebook ma yana da irin wannan jeri a ɓangaren tsaro.

Saura ku 'yan ajin nata, domin na san wasunku na karanta wannan fili. Wanda ya tarar da asusun 'yar uwarsa a buɗe, amana ce ta faɗo hannunsa. Abin da ya kamata shi ne ya danna fita, ya same ta ya ce ki riƙa kula. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane. Shi kuwa wanda ya tura saƙon roƙon kuɗi da sunan wata, ya wuce wasan ɗalibai, ya shiga hurumin dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma yin sojan gona da sunan wani yana cikin abin da ta haramta.

TAMBAYA: Na sa filash ɗina a kwamfutar makaranta, yanzu duk fayilolina sun koma masu 'yar kibiya a jiki, ba sa buɗewa. Furojet ɗina na ciki. Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

AMSA: Daina danna su, kowace dannawa tayar da bairos ɗin kake yi. Fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. A kwamfuta mai tsabta, buɗe cmd, wato baƙar tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* amma ka sauya E da harafin filash ɗinka. Kwashe abin da ya bayyana, bar masu kibiyar, ka bincika da Windows Security, ka yi wa filash ɗin fomat. Furojet na shekara guda a filash ɗaya tilo, kai ma dai da ƙarfin hali kake! Google Drive yana ba da 15GB kyauta, ajiye kwafi a can daren yau.

TAMBAYA: Na yi aikin gida da ChatGPT, malaminmu ya gane ya ba ni sifili. Yaya zan yi kada ya sake ganewa? Daga wani ɗalibi a Kano.

AMSA: Malamin da ya shekara yana gyara maka Turanci ba ya buƙatar wata manhaja kafin ya san ba kai ka rubuta ba. Tambayi ChatGPT ya fayyace maka abin da ba ka gane ba, ka tabbatar da amsar a littafi domin yakan ƙirƙiro abin da babu shi, sannan ka rufe ka rubuta da kanka.

TAMBAYA: Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare. Yara suna cika mana na'urori da wasanni, kuma yawancinsu Windows 7 ne a kai. Mene ne mafita? Daga Gusau.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri. Alamu sun nuna yaran da asusun "Administrator" suke shiga. Buɗe musu asusun "Standard", ka riƙe kalmar sirrin babban a wurinka kai kaɗai, kada kuma ka liƙa ta a jikin allo. Hakan zai tare yawancin abin da suke girkawa. Ka kashe adana kalmar sirri a burauza, ka ajiye littafin da kowa zai sa sunansa da lambar kwamfuta da lokaci. Windows 7 kuwa Microsoft ta daina tura mata gyaran tsaro tun Janairun 2020, Windows 10 ma an tsayar da nata na kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoban 2025. Idan na'urorin ba za su ɗauki Windows 11 ba, gwada Linux Mint, wadda ake girkawa a madadin Windows, a guda biyu tukuna. Kyauta ce, tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, kuma bairos ɗin filash irin na ɗalibinmu na Sakkwato ba ya aiki a kanta.