Me ya sa aka ce ya ci amana, ba a ce ya yi sata ba?

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce mutumin da aka damƙa wa kuɗin marayu ya cinye su, amma manya sai cewa suke ya ci amana, babu mai kiransa ɓarawo, har kana zargin ana rufa masa asiri ne. Ba sassauci aka yi masa ba, sunan da suka ba shi ya fi ɓarawo nauyi.

Ɓarawo katanga yake haurawa, ya fasa akwati, ya ɗauki abin da aka ɓoye masa. Maci amana kuwa kai da kanka ka yi masa sallama, ka ƙirga kuɗin a tafin hannunsa, ka ce ajiye mini, ka koma gida ka yi barci har da minshari. Shi ya sa malamai suka ce ba a yanke masa hannu, tunda bai fasa ma'ajiya ba. Sai dai biya ya zama dole, ga hukuncin alƙali, ga tabon da ba ya goguwa. A hadisi, cin amana na cikin alamomi uku na munafuki, tare da ƙarya da saɓa alkawari.

Amana kalmar Larabci ce, tushensu ɗaya da aminci da imani. Suratun Nisa'i, aya ta 58, ta yi umarni a mayar da ita ga masu ita. Ranar Hijira ma, a shekarar 622, Manzon Allah (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali garin na neman ransa.

Amma kada ka riƙa jifan kowa da kalmar. Wanda gobara ko 'yan fashi suka raba shi da ajiya, ba tare da sakaci ba, bai ci amana ba, kuma babu biya a kansa. Ha'inci ya fi faɗi, har mai tauye awo ya shiga ciki. Almundahana da sama da faɗi kuwa an fi jin su a kan dukiyar hukuma.

Na taɓa riƙe wa wani abokina kuɗi da ya yi doguwar tafiya. Wata na huɗu rashin lafiya ta shigo gidana, na buɗe ƙunshin, na ce aro ne, gobe in mayar. Har na zare takarda biyu. Kakarka, Allah ya jiƙanta, tana tsaye bakin ƙofa, ta ce, "Mai shi ya san da wannan aron?" Na mayar, na ɗaure, na je na sayar da kekena. Duk wanda na sani ya cinye ajiya, da wannan "gobe in mayar" ya fara.

Batun marayun, ka tambayi baffanka ko an yi shaidu ranar da aka miƙa kuɗin, sannan ka kira ni.