Amsa ga ƙanena a Birnin Kebbi kan rikicin CUDA kafin tafiya karatu

Assalamu alaikum ƙanena, ina fata kana lafiya tare da su Inna da sauran mutanen gida. Na ga saƙonka, inda ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a fannin ƙirƙirarriyar basira a nan Jamus, ka sayi laftof na hannu mai katin zane (GPU) RTX 3060 na kamfanin Nvidia ka saka masa Ubuntu, wani nau'in Linux, domin ka fara motsa hannu kafin biza ta fito, amma manhajojin horar da samfuri sun ƙi aiki: PyTorch ya ƙi ganin katin, TensorFlow kuma yana ta ƙorafin bai samu fayil ɗin libcudnn.so.8 ba. Ka tambaya ko ka goge kwamfutar ka sake daga farko, da kuma ko wannan wahala za ta ƙare da zarar ka iso. Kada ka goge komai, kuma matsalar tana nan tana jiranka a wannan ƙasa, don haka gara ka fahimce ta tun kana gida.

CUDA ita ce manhajar Nvidia da ke ba shirye-shirye damar yin lissafi a kan katin. Abin da ke rikitar da mutane shi ne lambobin CUDA guda uku ne a kwamfuta ɗaya, kuma ba dole ba ne su zo daidai. Idan ka buga nvidia-smi, lambar da za ka gani a saman dama ba ita ce CUDA da ka girka ba, iyakar abin da direban katin, wato manhajar da ke sarrafa shi, zai iya ɗauka ce kawai. Umarnin nvcc --version yana nuna kayan CUDA da ka girka da hannunka, shi kuwa torch.version.cuda yana nuna sigar da aka gina PyTorch da ita. PyTorch da ake saukewa da pip, umarnin girka kayan Python, yana zuwa da laburarensa na CUDA da cuDNN (laburaren da fayil ɗin libcudnn yake cikinsa), ba ruwansa da wanda ka girka, direba kaɗai yake nema a wurinka, matuƙar direban bai tsufa ba. A Linux, duk abin da aka gina da CUDA 12 yana buƙatar direba mai lamba 525 ko sama da haka.

Saboda haka ka fara daga ƙasa. Idan nvidia-smi ya ƙi aiki, laifin na direba ne, kuma a Ubuntu sau da yawa Secure Boot, tsarin tsaron kunna kwamfuta, ne yake hana shi tashi, abin da ake gyarawa cikin mintuna. Idan ya yi aiki amma torch.version.cuda ya ba ka None, to sigar da ba ta amfani da GPU ka sauke, sai ka cire ta ka ɗauki umarnin da ya dace daga shafin PyTorch.

Maganar TensorFlow ta fi buƙatar natsuwa, domin tsofaffin sigoginsa ba sa zuwa da laburarensu, kowace siga tana da wadda ta sani. TensorFlow 2.10, alal misali, da CUDA 11.2 da cuDNN 8.1 aka gwada shi, kuma ba ya wuce Python 3.10. Idan cuDNN 9 ke kan kwamfutarka, dole ya nemi fayil mai ƙarewa da 8 ya rasa. Za ka ci karo da masu ba da shawarar a sauya wa sabon fayil suna ya koma na tsohon. Ina roƙonka kada ka bi su, domin ko da kukan ya tsaya a lokacin, lissafin zai iya fashewa a tsakiyar horar da samfuri bayan ka ɓata awanni da wutar da ba kullum ake samunta ba. Hanyar da ta dace ita ce kowane aiki ka buɗe masa muhallinsa daban, wato keɓaɓɓen wurin girka laburarensa, da conda ko venv, kamar yadda ba a dafa miyar kuka da ta taushe a tukunya ɗaya. A muhallin aikin da ke amfani da tsohon TensorFlow ka saka cudatoolkit 11.2 da cudnn 8.1 daga conda-forge, a na sabon aiki kuma pip install tensorflow[and-cuda] zai kawo laburaren da kansa. Ka kuma duba LD_LIBRARY_PATH, jerin wuraren da Linux ke fara neman laburare, don idan ka taɓa cusa masa hanyar wata CUDA a cikin fayil ɗin saiti na .bashrc, ita ce za ta riƙa shiga gaban sauran. Katinka na zamanin Ampere ne, ba ya tafiya da abin da aka gina da CUDA 10, don haka aikin da ya tsufa har haka sai an sabunta shi.

Na san tsadar data a gida, kuma PyTorch da laburarensa sun haura gigabait 2. Ka yi amfani da pip download sau ɗaya inda intanet yake da ƙarfi, ka adana fayilolin a filas, su amfane ka su amfani abokanka na jami'o'in Aliero ko Kalgo da suke wannan fanni.

Dalilin da ya sa na nace shi ne yadda ake aiki a nan. Manyan ayyuka a kan manyan kwamfutocin jami'a ake yin su, inda ake shiga layi ta Slurm, manhajar da ke jera ayyuka, kuma ɗalibi ba shi da ikon taɓa direba ko girka wani abu da sudo, umarnin mai kula da kwamfuta. Abin da ke hannunsa shi ne ya zaɓi siga da module load, ya gina muhallinsa, ko ya yi amfani da kwantena irin Apptainer, wato ƙunshin manhaja da duk laburarenta. Malamin da zai duba aikinka zai ɗauka ka iya wannan, ba zai zauna ya gyara maka ba. Tun yanzu ka saba da buga pip freeze duk lokacin da muhalli ya yi aiki, ka ajiye sakamakon tare da lambar direba da ta Python kusa da aikin.

Batun sayen sabon laftof kuwa, ban ga dalilinsa ba. Gigabait 6 na katinka sun isa koyo, abin da ya fi ƙarfinsa ka kai shi Google Colab, inda ake amfani da GPU ta intanet, kuma sababbin katunan RTX 50 sai da CUDA 12.8 ko sama, abin da zai ƙara nesanta ka da tsofaffin ayyukan da za a ba ka. Kuɗin ka tara su a asusun ajiya da ake nema wajen biza. Ka turo mini hoton abin da nvidia-smi da conda list suka nuna, mu duba tare ranar Asabar in Allah ya kai mu. A gaida Baba.