Ramuwar Billy the Kid ƙisasi ce? Hukuncin kallon fim ɗin kaboyi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 15 ya maƙale wa wani tsohon fim ɗin kaboyi na 1958, The Left Handed Gun, labarin Billy the Kid da aka kashe wa maigida ya ɗauki bindiga yana bin makasan. Da na yi masa faɗa sai ya ce ai ƙisasi ne, Alƙur'ani ma ya yarda. Ya halatta ya kalla? Kuma gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuriya. Kallon fim a kan kansa ba shi da hukunci guda, abin da ke cikinsa ne ke yanke hukunci. In akwai tsiraici, ko ya kai ga tozarta salla, haramun ne. In babu, halas ne, ko da yake ɓata lokaci abin ƙi ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar yaron.

Billy mutum ne na gaske. A watan Fabrairun 1878 aka kashe maigidansa John Tunstall, ɗan Ingila mai kiwon shanu, a yankin Lincoln na New Mexico a Amurka. Billy da abokansa suka yi rantsuwar ramawa. Ranar 1 ga Afrilu suka laɓe bayan katanga suka harbe shugaban 'yan sandan yankin, William Brady, da mataimakinsa. Shi kansa Billy, Pat Garrett, shugaban 'yan sandan yankin na lokacin, ya harbe shi a 1881 yana ɗan shekara 21.

Wannan ba ƙisasi ba ne. Jinin mamaci haƙƙin waliyyansa ne, a mazhabar Malikiyya asabarsa, wato danginsa maza ta wajen uba, kuma Billy ɗan aiki ne, ba ya gadon jinin Tunstall. Ko da ɗansa ne na cikinsa, ba shi da ikon zartarwa da hannunsa. Malamin tafsiri Alƙurɗubi ya naƙalto cewa babu saɓani, shugabanni ne kaɗai ke tsayar da ƙisasi, bayan an tabbatar da laifi a gaban alƙali. Ayar da ta ba waliyyi iko a Suratul Isra'i, aya ta 33, ita ce kuma ta hana shi wuce iyaka wajen kisa. A hajjin bankwana Annabi (SAW) ya soke jinin jahiliyya, ya fara da na gidansu, jinin ɗan Rabi'a ɗan Haris, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir.

Na san za a ce hukumar Lincoln ɗin da kanta tana ɓangaren makasan, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma zaluncin mai mulki bai mayar da kowane mai bindiga alƙali ba. Mu da muke binne mutane saboda harin ramuwar gayya, mun san wanda ke mutuwa galibi ba shi ya yi laifin farko ba.

Saboda haka, ga yaron da ya fara ɗaukar makashi gwarzo, hana shi kallon irin wannan shi kaɗai wajibi ne a kanka. Kada ka ƙwace waya da tsawa. Zauna da shi, ku buɗe Baƙara aya ta 178 da 179, ya ga afuwa da diyya suna nan kusa da ƙisasi, sannan ka tambaye shi wa ya naɗa Billy alƙali.

Wallahu a'alam.