Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan zaɓen kalmar Turanci da ta dace da jimla

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, inda kake cewa idan aka ba ka jimla aka bar gurbi sannan aka jera maka kalmomi huɗu sai ka ga kamar dukkansu za su zauna, kuma kullum kana haddace kalmomi goma daga ƙamus amma shiru ba ka ga canji ba. Bari in gaya maka abin da na gani da idona, don na kai shekara tara ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma, yawancin yarana masu shirin WAEC da JAMB ne, ni kaina ma sai a zama na biyu na samu kiredit a Turanci kuma wannan ɓangaren ne ya kayar da ni a na farko, shi ya sa abin yake taɓa ni sosai.

Matsalarka ba ƙarancin kalmomi ba ce wallahi. Abin da ke faruwa shi ne kana karanta jimlar sai zuciyarka ta juya ta zuwa Hausa ba ka ma sani ba, ka cike gurbin da kalmar Hausa, sannan ka dawo kana laluben wace kalmar Turanci ce take nufin haka. To Hausa kuma kalma ɗaya takan yi aikin da Bature ya raba wa kalmomi uku ko huɗu. Ɗauki sallama. Mu mun ce an sallame shi daga asibiti, an sallame shi daga aiki, an sallame shi daga gidan yari, duk sallama ce. Bature kuwa na asibiti discharged zai ce, na wurin aiki dismissed, na gidan yari released, yaron da aka kora daga makaranta kuma expelled. Ka ga in aka jera maka waɗannan huɗun kai kuma sallama ce a kanka ai dole ka ga duk daidai ne. Amsar ba ta cikin kalmomin huɗu, tana cikin jimlar, ka nemo wurin da ake magana a kai, asibiti ne ko ofis ko kurkuku, shi zai nuna maka.

Wanda na fi daɗewa ina fama da shi a aji shi ne borrow da lend. Yaro zai ce borrow me your biro, ka gyara masa yau gobe ya sake, har sai da na gane ba taurin kai ba ne, a bakinmu ara mini biro da na ari biro a wajensa duk tushensu ɗaya, to shi Bature abin da ya dame shi shi ne ina abin ya nufa, in kai ke bayarwa lend ne, in kai ke karɓa borrow ne. Sai na fara tambayarsu, to mene ne bambancin aro da rance? Nan take kowa zai ce aro shi ne keke ko tabarma da za ka mayar da ita ita ɗin, rance kuma kuɗi ko kwanon masara da za ka mayar da kwatankwacinsa. Na ce to Bature bai raba wannan ba, da keken da kuɗin duk borrow yake cewa. Mu mun raba ta wani gefe, su sun raba ta wani gefe, kuma ba ka taɓa jin Bahaushe ya ce ranta mini kekenka ba, ba don ya haddace doka ba sai don kunnensa ya saba da kalmar tare da abokan tafiyarta. Daga ranar da na fara yi musu bayani ta nan kuskuren ya ragu ƙwarai.

Haka sha da ji suke. Ruwa drink, magani take, taba smoke, lemon ɓawo eat. Ji kuma sauti hear, wari smell, zafi feel, yare understand.

A zauren jarrabawa kuma kar ka tsaya a gurbin, karanta jimlar har ƙarshe tukuna, musamman ƙaramar kalmar da ke bin gurbin, sau da yawa ita ce take tona amsar. Accused, charged da blamed duk kusan zargi ko tuhuma ne a wajenmu, amma accused da of yake tafiya, charged da with, blamed da for. In ka ga he was dash with theft (dash ɗin shi ne gurbin) ba sai ka yi dogon tunani ba, charged ne. Wannan yana da amfani don a JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci, in ka raba kowace tambaya daƙiƙa 40 ce kacal take da ita.

A ɓangaren nearest in meaning kuma, wato inda ake so ka zaɓi kalmar da ta fi kusa da ma'anar wadda aka nuna a cikin jimla, dan Allah kar ka kama ma'anar farko da ka sani ka gudu da ita. The judge gave him a light sentence, wanda ya haddace cewa light haske ne sentence jimla ce ai ya ɓata ke nan, alhali ganin alƙali a jimlar ya isa ya gaya maka hukunci ne mai sassauci. Duk kalmar da ka zaɓa ka cire ta asalin ka saka taka ka sake karantawa a zuci, in jimlar ta canja magana to ba ita ba ce.

Akwai kuma abin da ƙamus ƙarami ba ya nunawa, wato kalma ta yabo ce ko ta kushe. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta wasiƙa a gwaji ta ce our notorious principal, tana ganin ta yabi shugaban makarantarsu don ta ga an fassara kalmar da sananne. Na ce mata za ki iya cewa ƙasurgumin malami? Ta ce a'a, ƙasurgumi ai sai ɓarawo. Na ce to notorious ke nan, famous shi ne shahararre. Haka thrifty da stingy, mai tattali da marowaci, ko slim da skinny, siririya da ramammiya. Hausarka in ka yi aiki da ita haka taimakonka za ta yi, fassarar kalma da kalma ce kawai ke cutarwa.

Maganar haddar kalmomi goma kullum, ni shawarata ka rage zuwa uku amma kowacce ka rubuta ta cikin cikakkiyar jimla a ƙaramin littafi na musamman. Kar ka rubuta rain kawai, rubuta heavy rain, don mu ruwa mai ƙarfi muke cewa shi ya sa yara ke rubuta strong rain. Rubuta make a mistake, do your homework, commit a crime, yadda za su zauna a kanka a haɗe. Ƙamus kuma ka nemi Oxford Advanced Learner's Dictionary, don masu koyon Turanci irinmu aka yi shi, kuma ana iya buɗe shi a intanet ta waya, in ka duba kalma ka fi mayar da hankali kan jimlolin misalin da ke ƙasan ma'anar.

Ga biyu ka gwada. The gunmen dash the bank, tsakanin stole da robbed. Sai kuma he is a very dash man, tsakanin long, high da tall. Ka turo amsarka a nan tare da dalilin da ya sa ka zaɓa, dalilin nake so in gani, in sha Allahu zan duba bayan sallar isha'i. Allah ya ba da sa'a.